Na Ga Ƙanena a Wani Bidiyo, Tun Daga Ranar Ba Na Barci

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 31, haifaffiyar Jidda. Iyayenmu 'yan Kano ne, aikin Hajji ya kawo su tun kafin a haife mu, har yau da iƙama, wato takardar izinin zama, muke zaune. Autanmu yana shekarar ƙarshe a jami'a a garin Brighton na Ingila, sai da Baba ya sayar da filinsa na Kano aka biya kuɗin karatun. Wata biyu da suka wuce ya yi kuskuren saka wani ɗan guntun bidiyo a Snapchat, ya goge bayan 'yan mintuna, amma na riga na gani, har na ɗauka da ɗaya wayar tawa. Gidan rawa ne da daddare, kusan maza zalla, ga tutar nan ta masu son jinsinsu mai launin bakan gizo a bango, ga ƙanena wani ya dafa kafaɗarsa, yana wata dariya da ban taɓa ganin ya yi a gida ba. Da na kira shi ya yi shiru, can ya fashe da kuka. Ya ce tun yana ɗan shekara 14 ya san ba ya jin mata a ransa, ya yi azumi, ya yi kuka a jikin Ka'aba a kan Allah ya cire masa. Ya ce a can ne ya fara numfashi. Ya haɗa ni da Allah kada na faɗa wa kowa. Ga shi Baba ya riga ya yi magana da ƙaninsa a Kano, za a ba shi 'yarsa idan ya gama. Babban yayanmu kuma mai zafin zuciya ne. Na faɗa wa Umma? Na yi masa ƙaryar ba ta da lafiya ya dawo a kai shi wurin ruƙya? Ko na bari a yi auren, ko Allah zai sa ya zama waraka? Ina jin haushin garin nan da ya lalata mana yaro, ina kuma jin kamar shirun da na yi zunubi ne. Ni na goye shi, Anti.

Yayar Auta, Jidda

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kafin ki ƙarasa karanta amsar nan, ɗauko wayar nan ta biyu ki goge bidiyon. Ki shiga wurin da abubuwan da aka goge ke taruwa ki sake gogewa, ki duba ko wayar ta tura kwafinsa ma'ajiyar intanet, can ma ki share. Yaranki suna wasa da wayar nan, maigida yana iya ɗauka ya nemi wani hoto, ran da gilashinta ya fashe kuma hannun mai gyara a titin Falasɗin na nan Jidda za ta je. Ba kya buƙatar hujja a kan ƙaninki, ai da bakinsa ya gaya miki gaskiya.

Na fara da wannan ne saboda ƙasar da kike zaune. A Saudiyya alƙali ne ke yanke hukuncin irin wannan lamari bisa fahimtarsa ta shari'a, hukuncin kuma yana kamawa daga ɗauri har zuwa kisa. Akwai kuma dokar laifukan intanet ta 2007, wadda sashenta na 6 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 3 ga wanda ya shirya, ko ya aika, ko ya ajiye abin da aka ga ya saɓa wa addini ko ɗabi'ar jama'a. Ki lura da kalmar ajiyewa, ke ma ta shafe ki. A watan Yunin 2022 jami'an ma'aikatar kasuwanci sun bi shaguna a Riyad suna kwashe kayan wasan yara da tufafi don kawai launin bakan gizo ne a jikinsu, to ina ga bidiyon mutum a ƙarƙashin tutar? Ku kuma masu iƙama ne. Wanda ba ɗan ƙasa ba idan ya gama zaman kaso tarhil, wato kora daga ƙasar, ke jiransa, kin san Shumaisi inda ake tsare waɗanda za a kora, kin san waɗanda suka shiga. Idan aka sauke shi a Najeriya, can ma akwai dokar da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, shekara 14 ga auren jinsi, shekara 10 ga shiga ƙungiya ko gidan rawa irin wanda kika gani, ban da shari'ar da Kano ke aiki da ita tun 2000. Maganar da za ta fita daga bakinki a falon Umma tana iya ƙarewa a ɗayan wuraren nan biyu. Magana zarar bunu ce, ƙanwata.

Yanzu ki zauna mu yi maganar zuciyarki. Na ji abin da ke cikin jimlar nan taki ta ƙarshe. Wanda kika goya, kika wanke wa kashi, kika raka makarantar tahfizi, yau kin gano cewa shekara da shekaru yana ɗauke da wani dutse a ƙirjinsa kina kusa ba ki sani ba. Akwai haushi a ciki, akwai tsoro, akwai kuma wani abu mai kama da makoki: kin riga kin hango ranar ɗaurin aurensa, kin hango kanki a matsayin babbar yaya kina rabon anko, kin hango 'ya'yansa suna kiran ki Gwaggo. Duk wannan ya girgiza a dare ɗaya. Ki yi kukanki, babu laifi a ciki. Abin da nake roƙon ki shi ne kada ki yanke shawara a cikin kukan.

Kin ce garin ya lalata muku yaro. Na fahimci dalilin da ya sa zuciya ke son ɗora wa gari laifi, ya fi sauƙin ɗauka. Amma ki koma kan abin da ya gaya miki: yana ɗan shekara 14. A lokacin yana Jidda, yana cin tuwon Umma, yana bin Baba masallaci, bai taɓa ganin tekun Ingila ba. Abin da Brighton ta ba shi shi ne wurin da zai sauke fuskar da yake sawa. Gari ne na bakin teku a kudancin Ingila, tafiyar kusan awa ɗaya a jirgin ƙasa daga Landan, jami'o'i biyu ne a cikinsa, Sussex da Brighton, shi ya sa ɗalibai suka cika shi. A ƙidayar 2021, kashi 10.7 cikin ɗari na mutanen garin masu shekara 16 zuwa sama sun ce su masu son jinsinsu ne ko masu son jinsi biyu ko makamancin haka, babu ƙaramar hukumar da ta kai shi a Ingila da Wales, inda jimillar ba ta wuce kashi 3.2 ba. Unguwar Kemptown, musamman titin St James, nan ne gidajen rawa da wuraren shan shayi irin nasu suka fi yawa, duk farkon watan Agusta kuma ana yin gagarumin bikinsu a garin. Su ma ba haka suka tashi suka gan shi ba: har zuwa 1967 laifi ne a dokar Ingila, sai a 2014 aka fara ɗaura irin wannan aure a can. Yaron da ya yi shekaru yana auna kowace kalma kafin ya furta, yana lura da tafiyarsa da muryarsa, ya faɗa garin da babu mai waiwayowa ya kalle shi. Dariyar da kika gani ke nan. Ta yi miki ciwo ne don ba a gidanku ya yi ta ba.

Sai dai kada ke ko shi ku ɗauka aljanna ya samu. Rayuwar dare a ko'ina take tana da haƙora. Akwai giya, akwai ƙwayoyi, akwai masu zuba wa mutum abu a kofi, akwai manya masu farautar sabon yaro da ba shi da kowa. Kuma shi baƙar fata ne, Musulmi. A gidan rawar zai haɗu da wanda zai yi masa kallon kayan marmari saboda fatarsa, ko ya yi wa sallarsa dariya. Idan ya je Juma'a masallacin titin Dyke kuma, ɗaya rabin nasa zai bari a bakin ƙofa tare da takalmi. Ga hunturu, rana na faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu, mutum shi kaɗai a ɗaki. Yaron da ya san yana da yaya a bayansa yakan san lokacin da zai ajiye kofi ya koma gida. Wanda ya tabbata gida ya rufe masa ƙofa, shi ne dare ke haɗiyewa. A nan ne amfaninki yake, kuma babu wanda zai iya yi masa wannan sai ke, tunda ke ya zaɓa ya gaya wa.

Mu zo kan zunubin da kike tsoro. Ba zan yi miki kwana-kwana ba: malaman da muka tashi a hannunsu sun haɗu a kan haramcin aikin, ke kin sani, shi ma ya sani, shi ya sa ya yi kuka a jikin Ka'aba. Amma tambayarki a kan shirunki take, kuma a nan abin da kika karanta a islamiyya ya ishe ki. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Hadisi ya inganta cewa wanda ya rufa wa Musulmi asiri, Allah zai rufa masa nasa duniya da lahira. Wani hadisin ya nuna Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da zukata suka raya matuƙar ba a aikata ko an furta ba, daga nan malamai suka bambanta abin da mutum ke ji da abin da yake yi. Ke rawa kika gani da hannu a kafaɗa, ba ki ga wani abu bayan wannan ba, kada zato ya ƙarasa miki sauran. Tsakaninsa da Ubangijinsa kuwa, tafiya ce da shi zai yi ta da ƙafarsa. Ki yi masa addu'a iya ƙarfinki, ki tuna masa sallah yadda kika saba tun yana ƙarami, ba da sabuwar murya ba. Amana ya ba ki, kuma ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

Batun yi masa ƙaryar ciwon Umma, don Allah ki cire shi daga ranki gaba ɗaya. Zai baro karatun da aka sayar da fili dominsa ana saura ƙiris, zai sauka ya tarar da tarko, daga ranar kuma ba zai sake yarda da kalmarki ba, ko ran da Umma za ta kwanta da gaske. Ayoyin Alƙur'ani waraka ne ga zuciya mai ƙunci, idan shi da kansa ya so ya karanta ko a karanta masa babu mai hana shi. Amma kin san abin da ake yi da sunan cire aljani idan an rufe ƙofa: duka, hayaƙi, ɗauri. A Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala, kuma iyayensu ne suka kai su da hannunsu don a gyara su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire son jinsi ɗaya daga jerin cututtuka tun 1990, manyan ƙungiyoyin likitocin ƙwaƙwalwa kuma sun yi gargaɗin cewa yunƙurin canza mutum da ƙarfi ba ya canza shi, sai dai ya bar shi da baƙin ciki mai tsanani, wani lokaci har da tunanin kashe kansa. Yaron da ya yi shekaru yana azumi yana roƙo ai ya riga ya gwada iyakar ƙoƙarinsa.

Sai auren. A nan zan ɗan daɗe, domin akwai wadda babu wanda ya tambayi ra'ayinta a cikin wasiƙarki, ita ce yarinyar nan ta Kano. 'Yar ƙanin mahaifinki ce, ƙanwarki ce. Ki hango ta wata uku bayan biki, a ɗakin da aka cika da kayan gara, ta yi lalle, ta yi turaren wuta, ta sha duk abin da gwaggonni suka dama mata, miji yana shigowa da sallama da ladabi ya juya mata baya. Ba zai zage ta ba, ba zai dake ta ba, wataƙila ma ya fi sauran maza kyautata mata. Amma za ta kwana tana tambayar kanta me ta rasa. Za ta canza girki, za ta canza ɗinki, za ta je wurin malamai a ce mata sammu ne, za ta fara zargin wata kishiya da babu ita. Idan haihuwa ta yi jinkiri ita za a kai asibiti. Na ga matan da suka tsufa a cikin irin wannan ɗaki, har yau ba su san laifin ba nasu ba ne. 'Yar mutane ba magani ba ce da za a ba marar lafiya a gani ko zai tashi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ke ya kamata ki fara tsaya mata. Kuma auren zumunci ne: ran da ya mutu, ba mutum biyu za su rabu ba, Baba da ƙaninsa ne za su daina gaisawa.

Hanyar fita daga wannan ba ta buƙatar tona asiri, ba ta kuma buƙatar ƙarya. Shi da kansa zai kira Baba, tun yanzu, tun ba a kai kuɗin gaisuwa ba, tun ba a fara haɗa lefe ba. Ya ce masa cikin ladabi bai shirya aure ba, ba shi da aiki, ba shi da ranar da zai ce ga ta, kuma ba ya son a riƙe yarinya tana jiran sa alhali masu son ta suna zuwa. Duk gaskiya ce. Kada ya ce a ɗaga zuwa baɗi, ya nemi a sake ta gaba ɗaya, don ɗagawa ɗaure ta ne da igiya mai tsawo. Baba zai yi faɗa, zai ce an kunyata shi a gaban ƙaninsa, wataƙila ya yi wata guda ba ya ɗaga wayarsa. A nan za ki shigo, ki ce, "Baba, gara a ji kunya yau da a ji ta bayan an tara mutane. A bar shi ya tsaya da ƙafarsa." Addini bai yarda a yi wa ɗa ko 'ya auren dole ba, Baba ya san wannan ko da ransa ya ɓaci.

Kada ki ɗauka na manta da shi Baban. Mutumin da ya yi shekaru a ƙasar da kullum sai an sabunta masa takardar zama, ya sayar da ƙasar da yake fatan komawa ya tsufa a kanta, ya zuba a kan yaro ɗaya, yana da hakki mai nauyi. Abin da ya saya da filin nan shi ne ɗa mai ilimi wanda zai riƙe kansa ya riƙe su, kuma wannan yana nan bai lalace ba. Ki gaya wa ƙaninki ya gama karatun nan da sakamako mai kyau, dare kada ya cinye masa rana. Ita kuwa Umma, uwa takan san abin da ba a gaya mata ba, ta yi shiru don ta fi kowa sanin gidanta. Ki tambayi kanki tambaya ɗaya: idan ta ji, za ta iya kwana uku ba ta gaya wa Baba ba? Idan Baba ya ji, yaya babba zai ji. Kin ce mai zafin zuciya ne, kin fi ni sanin abin da hakan ke nufi. Shi kam kada ya ji, ko a wasa, ko a cikin faɗa. Maigidanki ma haka, duk kirkinsa, don shi ma yana da 'yan'uwa da abokan hira. Idan wata rana Umma za ta sani, daga bakin ɗanta za ta ji, a lokacin da ya zaɓa, yana inda babu mai iya taɓa shi.

Abin da zai yi bayan karatu shawararsa ce, amma yana da kyau ki san hanyoyin. Tun 2021 Ingila ta buɗe bizar da ke ba wanda ya kammala digiri damar zama na wani lokaci ya nemi aiki, ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arsa zai yi masa bayani kyauta. Wannan ita ce mafi sauƙi, kuma dalili ne da Baba zai karɓa. Akwai neman mafaka, tunda a 2010 kotun ƙolin Birtaniya ta yanke cewa ba za a mayar da mutum ƙasarsa a ce ya je ya ɓoye kansa don ya tsira ba, amma hanya ce mai tsada ga zuciya, domin wanda ya bi ta ya rufe wa kansa ƙofar Najeriya, kada ya taka ta sai ya zauna da lauyan shige da fice mai rajista. Yana kuma iya zaɓar ya dawo ya zauna shiru ba aure, ya riƙe kansa saboda imaninsa, akwai masu yin haka, kuma su ma suna buƙatar 'yar'uwa. Duk wadda ya ɗauka, idan zai zo hutu ya tsabtace wayarsa kafin ya hau jirgi, kada ya buɗe manhajojin haɗuwa a nan ko a Kano, an sha kafa wa mutane tarko da su. A can ma ya roƙi abokansa su daina ɗaukar sa a bidiyo, don yadda kika gani haka wani ɗan unguwarku zai iya gani. Ya san cewa gwajin lafiya a asibitocin da ke kula da cututtukan saduwa kyauta ne a Ingila, kuma a asirce. Akwai ƙungiyoyin Musulmi masu irin halinsa a can, Imaan da Hidayah, inda zai sami waɗanda ba za su ce ya zaɓi tsakanin sallarsa da kansa kafin su saurare shi ba.

Abu ɗaya ne zai sa ki ajiye duk wani lissafi ki tashi tsaye: idan kika ji ya fara cewa ya gaji da duniya, ko gara babu shi kowa ya huta, ko ya fara neman yafiya ba gaira ba dalili. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa, tambayar ba ta sa mutum ya aikata. Ki sa ya kira Samaritans, ƙungiyar da ke sauraron masu damuwa a can Ingila, a 116 123, kyauta ne dare da rana, ko 999 idan abin ya yi tsanani, ki kuma karɓi lambar abokinsa ɗaya da kika yarda da shi tun yanzu.

Ke ma ki kula da kanki. Wata biyu babu barci ba ƙaramin abu ba ne ga mai yara. Idan ya ci gaba ki ga likita, ki ce damuwar iyali ce, ba sai kin ambaci suna ko dalili ba. Sauran ki kai wa Allah a sujada, ki kuma sake rubuto mini duk lokacin da cikin ya cika.

Na tabbata tun ranar da ya yi kukan nan yana duba wayarsa, yana auna kowane saƙo naki, yana jiran ya ga ko ya rasa ki. Daren Alhamis ki ce wa maigida za ki kai yara Kornish, can bakin teku, su sha iska. Ki bar su suna wasa inda idonki ke kansu, ki matsa gefe inda ƙarar ruwa za ta rufe muryarki, ki kira shi. Ba sai kin ce kin yarda da komai ba, ba sai kin yi wa'azi ba. Ki ce masa, "Auta, na goge bidiyon. Babu wanda ya ji, babu wanda zai ji daga bakina. Akwai abubuwan da har yanzu suke yi mini nauyi, amma ni yayarka ce." Idan ya yi kuka ki bar shi ya gama. Sannan ki tambaye shi yaushe ne jarrabawa, ya kuma gaya miki ko yajin da Umma ta ɗaura masa a akwati ya ƙare, ki nemi mai tafiya ki aika masa wani.